Motar da Ba a Ji Ƙararta Ba

Masu saran rake ne suka fara ganinsa, tun hazon safiya bai ɗaga ba. Anésio yana kwance a gefen hanyar da ta gangaro daga coci zuwa gada, addarsa tana naɗe cikin buhu kamar yadda ya fito da ita daga gida. Kwanon abincinsa ya buɗe, wake da shinkafa sun watse a jar ƙasa. Akwai rauni a ƙeyarsa kamar na dukan sanda, jikinsa kuwa ya riga ya yi sanyi.

Kafin rana ta fito sosai, duk garin Água Mansa ya hallara a wurin, kuma kowa ya riga ya san wanda ya yi. Jiya da yamma Anésio ya yi cacar baki da Josafá, ɗan ci-ranin nan da ya zo daga jihar Piauí can arewa, a kan wanda aka bai wa layin raken da iska ta kwantar. Mutane da yawa sun ji Josafá yana cewa, "Za ka gani." Aka je aka finciko shi daga gona, aka kulle shi a ɗakin ajiya na bayan coci, aka aika birni a kira Sajan Otacílio. Wasu samari suna ta cewa ba sai an wahalar da sajan ba.

Seu Deusdete ya iso a ƙarshe, da hularsa ta kaba da sandarsa. A da, lokacin da akwai daji, shi ake kira idan saniya ta ɓata ko damisa ta shigo garke. Yanzu rake ya cinye dajin, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a wani ɗan gida na katako a ƙarshen gonaki. Gida ɗaya ne kawai yake shiga a garin, gidan Gumercindo mai madara, wanda Deusdete ya riƙe masa 'ya a coci ranar baftisma. Tun daga ranar suke kiran juna compadre.

Ya cire hula ya yi wa mamacin addu'a. Sai ya bar taron, ya kama hawan tudu a hankali, idonsa a ƙasa.

"Tsoho, damisa kake nema?" in ji Juvenal, saurayin da ke tsaron gidan mai. "Ai mun kama ta, tana bayan coci."

Aka yi 'yar dariya. Deusdete bai juyo ba.

Sama da inda ƙafafun jama'a suka tattake, ƙasa tana da sauran laimar raɓa, kuma ta riƙe sawun taya. Ya fara zaton babbar motar kamfanin rake ce, amma sawun siriri ne, na ƙaramar mota. Abin da ya tsayar da shi wani abu ne daban. Nan da can a kan gangaren, tayoyin baya sun kankare ƙasa kaɗan, kamar dabbar da aka ja wa igiya ta turje, sannan suka ci gaba da birgima. Ya bi sawun ya dawo ƙasa. Har zuwa inda Anésio ya faɗi babu alamar an taka birki. Sai bayan wurin ne sawun ya ɗan karkace.

"Mota ce ta buge shi," ya ce da ya dawo cikin mutane.

"Wace mota?" wani ya tambaya. "Je ka tambayi Dona Zulmira. Ko ƙuda bai wuce ba."

*

Gidan burodin Dona Zulmira yana tsakiyar gangaren, tagarsa tana kallon hanya. Ya same ta tana goge gari daga hannu.

"Seu Deusdete, ashe kana da rai? Na ɗauka sai ranar jana'izarka za mu ga fuskarka."

"Ina nan, Dona Zulmira. Da asuba kina farke?"

"Ni nake tada zakara, ba shi yake tada ni ba. Zauna, ga kofi."

Bai zauna ba, amma ya karɓi kofin.

"Mota ta wuce ta nan?"

"Babu. Hazo ya rufe ko'ina, ban ga komai ba, amma kunnena ai ba hazo a cikinsa. Na ji takun Anésio, Allah ya jiƙansa, har ya yi mini fito kamar kullum. Bayan shi ban ji inji ba, ban ga fitila ba."

"Ba ki ji komai ba ke nan."

Ta murza gefen zanen da ta ɗaura a ƙugu.

"Na ji wani abu kamar an yar da buhu. Na ce sanda ce, yanzu da na san abin da ya faru. Can daga baya kuma na ji tari a ƙasa, wajen gada, irin tarin tsoho mai shan taba. Na ɗauka famfon ruwan kamfani ne, kullum da sanyi haka yake yi."

"Kullum?"

"Tun da sanyin nan ya shigo dai. Me ya sa kake kallona haka?"

Deusdete ya ajiye kofin, ya yi godiya. Ya san famfon kamfani da lantarki yake aiki, ba ya tari.

*

Ɗakin ajiya na bayan coci yana da 'yar taga mai sandunan katako. Josafá ya leƙo, leɓensa a fashe, ido ɗaya a kumbure.

"Kai ma ka zo kallo ne, Baba?"

"Na zo tambaya. Ina kake da asuba?"

"A hanyar gona ta ƙasa, ni kaɗai. Kullum ni kaɗai nake tafiya, wa zai jera da ni a garin nan?"

"Ka ce masa zai gani."

"Na faɗa. A garinmu mutum yana faɗin haka sau goma kafin ya karya kumallo. Da na yi niyya, da adda a hannuna, me zan yi da sanda?" Ya riƙe sandunan tagar da hannu biyu. "Baba, na ji abin da samarin nan suke cewa. Ina da uwa, ina da mata da 'ya'ya, kuma ba wanda ya san sunan ƙauyenmu a nan. In suka binne ni cikin rake, za su yi ta jirana har su mutu."

Deusdete ya miƙa masa burodin da Dona Zulmira ta cusa masa a aljihu. Ya so ya ce wani abu mai kwantar da hankali, amma ya daɗe da daina irin wannan magana, sai kawai ya gyaɗa kai ya tafi.

*

Ƙananan motoci a Água Mansa ba su da yawa: ta Fada mai kula da coci, ta mai shago, ta Juvenal, sai tsohuwar shuɗiyar motar Gumercindo da yake kai madara birni da ita. Deusdete ya fara da ta Juvenal, don kowa ya san yadda yake gudu, kuma gabanta a lotse yake.

Juvenal ya ga yana shafa lotsin, sai ya taso daga kan benci.

"Ah, yanzu ni ne damisar? Duba da kyau, tsoho, tsatsa ce a ciki. Ginshiƙin ƙofar surukina ne, tun bikin Kirsimeti. Kuma ka taɓa jin motata ta wuce ba a sani ba? Na cire mata rabin salansa, har matattu suna juyawa."

Gaskiya ya faɗa. Lotsin ya tsufa, tayoyin kuma sun fi sawun faɗi.

"Da wane mai take tafiya?"

"Man rake mana, barasar da ake tacewa daga rake. Don shi aka ƙera ta." Juvenal yana son a tambaye shi a kan mota, nan da nan ya manta da fushi ya ɗaga murfin inji. "Ka ga wannan ɗan tankin? Fetur ne kaɗan a ciki. Man rake rago ne da sanyi, ba ya son kama wuta, to sai ka danna nan, ta kurɓi fetur, ta tashi. In ta ɗumama sai ta ci gaba da nata."

"Wanda motarsa ta fetur ce fa, ya zuba mata man rake don arha?"

Juvenal ya kwashe da dariya.

"Da rana za ta yi tafiya, tana shaƙewa tana tafiya, har ranar da zai cinye mata robobi da kafireta. Amma da asubar Yuni, tsakiyar sanyi? Sai ya yi ta murza makulli har batir ya mutu. Masu wayo kan tudu suke kwanar da ita. Da safe ka saki birki, ta gangara, ka sa giya ta biyu, ka saki kuloci. In ta ƙi, ka sake taka shi, ka sake saki. Fitila ma ba ka kunnawa, don ɗan abin da ya rage a batir…"

Bai ƙarasa ba. Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya sauke murfin injin a hankali.

"Wa yake yin haka a garin nan, Juvenal?"

"Ni mai nake sayarwa, Seu Deusdete, ba sunaye ba." Ya ɗauki tsumma yana goge hannun da ba datti. "An riga an kama mutum. Baƙo ne, ba wanda ya san ubansa. Ka je gida ka huta."

*

Deusdete bai je gida ba. Ya hau gangaren har ƙarshensa, ya wuce coci, ya kai inda hanya ta fara sunkuyawa. A ƙarƙashin wani mangwaro ciyawa ta kwanta ta yi fari, daidai girman ƙaramar mota. Tayoyi sun yi wa kansu gurbi a ƙasa, irin gurbin da ba a yi a kwana ɗaya ba. Ga wani dutse a gefe da baƙin roba a jikinsa, wanda ake tare taya da shi. Ya durƙusa ya debi ƙasar da ke tsakiya ya shinshina. Ba warin fetur ba ne. Ƙamshi ne mai ɗan zaƙi, irin na bakin mashayi.

Daga gindin mangwaron wata 'yar hanyar ƙafa ta bi ta cikin makiyaya. Ba sai ya bi ta ba. Ya san inda take zuwa, ya sha binta da yamma.

Ya zauna a kan dutsen. Duk rayuwarsa in ya kai ƙarshen sawu yakan ji daɗi, ko da gawar saniya ya tarar. Yau ya zauna yana fatan da ruwan sama ya sauka da safe ya wanke hanyar. Daga nan sama ana ganin rake har iyakar gani, ba itace, ba hayaƙin gida, sai bututun kamfani can nesa. Ana kuma ganin rufin ɗakin ajiya na bayan coci, da samari zaune a inuwarsa.

*

Sajan Otacílio ya iso da la'asar, mutum mai ƙiba da gajiya. Ya so ya sa Josafá a jif ya koma kafin duhu. Deusdete ya roƙe shi abu ɗaya: a kawo dukan ƙananan motocin gari filin ƙwallo, inda ƙasa take a shimfiɗe, su kwana a can, da safe kowa ya tada tasa a gaban jama'a.

"Wannan wane irin wasa ne?"

"In babu abin da ya fito, ka tafi da shi, ban ƙara magana."

Sajan ya dubi hazon da ya fara taruwa a kwari, ya tuna ramukan hanya, ya ce to.

Deusdete da kansa ya kai saƙon gidan Gumercindo. Shuɗiyar motar tana cikin rumfa, an wanke ta tas. Ivanilde, 'yar da ya riƙe a coci, ta fito da gudu ta kama hannunsa.

"Sa mini albarka, Baba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ta kawo kofi da wainar masara, ta koma ciki. Gumercindo yana zaune a baranda, babban mutum mai yawan surutu, amma yau hannayensa suna tsakanin gwiwoyi.

"Compadre, ka ji abin da ya faru?"

"Na ji. Ban sauka ba, shanu sun riƙe ni."

Deusdete ya faɗa masa abin da sajan ya ce. Ya faɗe shi dalla-dalla, filin ƙwallo, kwana a sanyi, tayarwa da safe ba turi. Gumercindo ya saurara yana kallon makiyaya.

"Shawarar sajan ce, ko taka?"

"Tawa ce."

Wata saniya ta yi kuka a bayan gida. Ba wanda ya taɓa wainar.

"Gidan man Juvenal bai rufe ba tukuna," in ji Gumercindo a hankali. "Mutum zai iya tsiyaye tanki ya cika da fetur kafin ya kai ta filin."

"Zai iya."

"Kuma da safe ta tashi lafiya lau."

"Za ta tashi."

"To me ya sa ka zo ka gaya mini?"

Deusdete ya juya hularsa a hannu. "Ban san wani gidan da zan je ba."

Gumercindo ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka. Da ya buɗe sai ya ce, "Ɗan arewan nan, yana da iyali?"

"Yana da uwa, da mata, da yara."

Deusdete ya tashi ya tafi, kofinsa cike.

*

Gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, ciyawar filin ƙwallo ta yi fari da daskararriyar raɓa. Motocin suna jere a bakin raga, mutane sun kewaye su cikin barguna da manyan riguna. Aka fito da Josafá, hannunsa a ɗaure, aka tsayar da shi gefe.

Fada ya shiga tasa, ta tashi. Mai shago ya tada tasa. Juvenal ya danna ɗan maɓallinsa, motarsa ta yi ruri har karnuka suka amsa. Saura shuɗiyar.

Gumercindo ya shiga ya rufe ƙofa. Deusdete ya tsaya a bayan mutane, kuma bai san abin da yake roƙon Allah ba. In ta tashi, yana da aboki, Josafá kuwa ya tafi. Ya ji kunyar yadda rabin zuciyarsa take so ta tashi.

Makulli ya juya. Injin ya yi gunaguni, ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. A karo na gaba ƙarar ta yi ƙasa, kamar numfashin mara lafiya.

"Batir ne, sajan," Juvenal ya yi maza ya ce. "Motar ta girmi kakata. Kowa ya san halinta."

"Haka ne," in ji mai shago. "Tsufa ne kawai."

Mutane suka gyaɗa kai. Wasu sun riga sun gane, ana gani a yadda suke kallon ƙasa. Sajan ya ɗaga kafaɗa, ya juya wajen Josafá.

"To, tsoho, mun ga wasanka. Tsohuwar mota ta ƙi tashi, sai me?"

Gumercindo yana zaune a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon Deusdete ta gilashi. Bai girgiza kai ba.

Deusdete ya ratsa mutane. Ya kwance murfin tankin, ya miƙa wa sajan.

"Shinshina."

Sajan ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Man rake ne."

"A motar fetur. Ba ta tashi da sanyi sai an gangarar da ita. Tana kwana a gindin mangwaron da ke saman coci, ta sauko ba inji, ba fitila, cikin hazo. Shi ya sa Dona Zulmira ba ta ji ba. Shi ya sa Anésio bai ji ba. Inda aka yi ta sakin kuloci yana nan a ƙasa, zan nuna maka. Ba ta kama ba sai a gada."

Dona Zulmira ta sa hannu a baki. "Tarin nan," ta ce, "kullum tarin nan."

Ƙofar motar ta buɗe. Gumercindo ya fito, ya jingina da ita.

"Ina kallon ƙafata ne, ba hanya ba," ya ce, muryarsa a dishe. "Na ji na bugi abu. Da ta kama a gada na bar ta tana aiki, na hau da gudu. Ya riga ya cika. Na kira sunansa, na kira. Sai na ji injin yana neman mutuwa, na koma, na shiga, ban san lokacin da na kai birni ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Jiya na kai ta har bakin famfon fetur. Juvenal ya ɗauko tiyo. Na kasa fitowa daga ciki."

Matar Anésio ta fasa kuka. Ivanilde ta tsaya ƙiƙam, ba hawaye, tana kallon ubanta.

Sajan ya kwance igiyar hannun Josafá. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Josafá ya murza wuyan hannunsa, ya dubi Deusdete. Ya je masaukin 'yan ci-rani ya ɗauko jakarsa, ya kama hanyar babban titi ko kuɗin aikinsa bai tsaya nema ba.

Da za a sa Gumercindo a jif, Deusdete ya matso.

"Compadre."

"Ka yi daidai," in ji Gumercindo, bai dube shi ba. "Ni bakina ya ƙi faɗa. Ka yi daidai. Amma kada ka zo ganina."

Jif ɗin ta tafi. Mutane suka watse biyu-biyu, uku-uku, suna magana ƙasa-ƙasa, suna kauce masa kamar ana kauce wa rami. Mai shago ya tofar da yawu kusa da takalminsa. "Saboda baƙo," ya ce, ya wuce.

Deusdete ya zauna a gindin ragar, yana tunanin ko za a buƙaci wanda zai tura motar zuwa gida. Ya jira. Rana ta hau, farin ciyawa ya narke, ƙarfe ya ɗauki zafi. Wajen tsakar rana Ivanilde ta dawo ita kaɗai. Ya miƙe tsaye. Ta shiga motar, ta murza makulli, injin ya kama bugu ɗaya.

Ta wuce ta gabansa a hankali, gilashi a rufe, idonta a kan hanya.

Hanyarsu ɗaya ce har saman tudu, don haka ya bi bayanta a ƙafa. Sawun tayar yana gabansa a jar ƙasa, sabo, a miƙe, ba inda ya kankare. Ya bi shi har inda ya karya ya shiga ƙofar makiyaya. An riga an rufe ƙofar, an zura mata sarƙa. Ya tsaya kaɗan a wurin, sannan ya ci gaba da tafiya cikin rake.